Darasin Kimiyya: Anka a Ƙasan Teku da Anka a Fatar Matuƙa

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana son ɗalibi ya iya:

1. bayyana yadda ƙarfe mai nauyin kilo 15 ke riƙe jirgin da ya fi shi nauyi sau ɗaruruwa;
2. ambata sassan anka da aikin kowanne;
3. lissafa tsawon igiya ko sarƙar da ya kamata a saki;
4. rarrabe manyan nau'o'in anka da irin ƙasar da kowacce ke kamawa;
5. faɗin yadda zanen anka ya hau jikin matuƙa, da dalilin da ya sa jarfa ba ta gogewa.

Kayan aiki: babban tire mai zurfi, yashi mai danshi, ƙaramin dutse, waya mai kauri, zare mai ƙwari, da sikelin rataya.

Gabatarwa

Jirgin ruwa ba shi da birki. Ko an kashe inji, iska na tura shi, gudun ruwa na jan sa, raƙuman ruwa na ɗaga shi suna sauke shi. In ana son ya tsaya wuri ɗaya a inda babu gaɓar da za a ɗaure shi, dole a haɗa shi da ƙasar da ke ƙarƙashin ruwa. Wannan shi ne aikin anka, wato ƙarfen da ake saki cikin ruwa haɗe da sarƙa ko igiya. A 1975, lokacin cunkoson jiragen siminti, jirage fiye da 400 ne suka yi zaman jira a bakin tashar Legas, wasu har watanni, kowanne kuwa anka ce ke riƙe da shi.

Mutane da yawa na zaton nauyin anka ne ke tsayar da jirgi. Ku riƙe wannan tun daga farko: anka da haƙorinta take riƙo, haƙorin kuma ba ya aiki sai an ja shi a kwance. Duk abin da zai biyo baya a kan wannan ƙa'ida yake tsaye.

Mataki na ɗaya: Zamanin dutse da igiya

Anka ta farko dutse ce da aka huda aka zura wa igiya. A Wadi al-Jarf, tsohuwar tashar jiragen Masar a bakin Bahar Maliya, wadda ta yi aiki a zamanin Fir'auna Khufu shekaru kusan 4,500 da suka wuce, masu tonon tarihi sun sami irin waɗannan duwatsu wajen ɗari. Jirgin Uluburun, wanda ya nutse a gaɓar kudancin Turkiyya shekaru kimanin 3,300 da suka wuce, aka kuma gano shi a 1982, yana ɗauke da anka 24, duk na dutse. Har yau masunci a kogi ko tafki kan ɗaura dutse ya jefa, ko ya kafa gora cikin laka, kuma hakan na isar sa, domin kwale-kwale ƙarami ne, ruwan ma ba zurfi.

Raunin dutse yana cikin ƙa'idar da Arkimidis ya gano: duk abin da aka tsoma cikin ruwa, ruwan na tura shi sama da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Mu gwada da lissafi, kowanne abu kilo 100 a kan tudu:

Dutse mai tauri yana ture ruwan teku kamar kilo 38, saura kilo 62.
Kankare yana ture kamar kilo 43, saura kilo 57.
Baƙin ƙarfe yana ture kamar kilo 13 kawai, saura kilo 87.

Ko wannan nauyi da ya rage ma ba dukansa ke riƙo ba, domin jan abu a ƙasa ya fi ɗaga shi sauƙi. Dutsen sai ya riƙa sulalewa bisa yashi yana bin jirgi.

Mutanen da suka ga wannan suka fara huda wa dutsen ƙarin kafofi suna cusa sanduna masu tsini don su soki ƙasa. Nan haƙori ya samo asali. Girkawa da Romawa suka ci gaba, suka ƙera anka ta katako mai hannuwa biyu, suka gitta mata sandar dalma a sama. A tafkin Nemi kusa da birnin Rum, inda aka zuƙe ruwa tsakanin 1928 da 1932 don fito da jiragen Sarki Kaligula, an sami anka ta katako da kuma ta ƙarfe, siffarsu kuwa ba ta da nisa da wadda kowa ya sani a hoto yau.

Mataki na biyu: Sassan anka da yadda take kamawa

Ku zana tsohuwar anka a littattafanku, ku rubuta waɗannan sassa:

Zobe: inda ake ɗaura sarƙa ko igiya.
Ƙota: doguwar sandar tsakiya.
Gindi: inda ƙota ta haɗu da hannuwa.
Hannuwa: reshe biyu da suka lanƙwaso daga gindi.
Haƙora: faffaɗan tsini a ƙarshen kowane hannu.
Sandar gicciye: sandar da ke kusa da zobe, wadda ta gitta saɓanin inda hannuwa suka nufa.

Idan anka ta isa ƙasa, yawanci hannuwanta kan kwanta, sandar gicciye ta tokare da kai ɗaya. Da jirgi ya ja, sai sandar ta faɗi ta kwanta, faɗuwarta kuma ta juya hannuwan su miƙe, haƙori ɗaya ya dubi ƙasa ya soke ta. Daga nan duk jan da aka ƙara, ƙara nutsewa yake. Abin da ke riƙe jirgi a lokacin shi ne tarin ƙasar da ke gaban haƙorin da bisansa: kafin anka ta motsa sai ta tsage wannan ƙasa ta ture ta gaba ɗaya.

Wanda ya taɓa noma ya san wannan a hannunsa. Ka kafta fartanya ka ja ƙotar a kwance zuwa gare ka, bakin sai ƙara shiga yake; ka ɗaga ƙotar sama, nan take ta ɓamɓare ƙasa ta fito. Da wannan dabara ake cire anka. Jirgi kan matsa a hankali yana naɗe sarƙa har ya zo daidai bisanta, sarƙar ta miƙe tsaye, ƙota ta ɗagu, haƙori ya saki.

Mataki na uku: Kusurwar ja da tsawon igiya

Tunda ɗaga ƙota ne ke cire anka, babban aikin matuƙi shi ne hana igiya jan ta sama. Hanyar kuwa ita ce sakin igiya mai tsawo. Ana auna tsawon igiyar da zurfin wurin, a ce uku bisa ɗaya ko bakwai bisa ɗaya. Idan igiyar ta miƙe sarai:

3 bisa 1 yana ba da kusurwar digiri 19 da rabi.
5 bisa 1 yana ba da digiri 11 da rabi.
7 bisa 1 yana ba da digiri 8.
10 bisa 1 yana ba da ƙasa da digiri 6.

Ga ma'anar wannan. A ce ƙarfin da ke cikin igiya ya kai nauyin kilo 300. A uku bisa ɗaya, sulusinsa, wato kilo 100, sama yake jan anka. A bakwai bisa ɗaya, kilo 43 ne kawai ke jan ta sama. Anka ɗaya ce, ƙasa ɗaya ce, tsawon igiya kaɗai ya bambanta.

Zurfin da ake lissafi da shi ba na ruwa kaɗai ba ne. Ana haɗa abu uku: zurfin ruwa a lokacin, tsayin goshin jirgi daga saman ruwa, da yawan da teku zai ƙara idan ya ciko. Misali, zurfi mita 4, goshi mita 1, cikowa mita 2, jimla mita 7. A bakwai bisa ɗaya, igiyar da za a saki mita 49 ce. Wanda ya manta da goshi da cikowa zai saki mita 28, idan ruwa ya ciko kuwa sai ya tarar yana kan huɗu bisa ɗaya bai sani ba.

Sarƙa na da amfani uku. Nauyinta na sa ta lanƙwaso ta kwanta a ƙasa kusa da anka, ja ya zama a kwance. Wannan lanƙwasa na shanye fizgar raƙuman ruwa. Sannan dutse da murjani ba sa yanke ta. Amma in iska ta yi tsanani sarƙa kan miƙe, sai fizga ta isa ga anka kai tsaye. Shi ya sa masu ƙananan jirage ke haɗa ta da igiyar nailan mai talewa. A manyan jirage ana ƙirga sarƙa gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa mita 27 da rabi, a shafa fenti a mahaɗarsu don mai lura ya san nawa aka saki.

Abu na ƙarshe a wannan mataki shi ne iska. Ƙarfin da take tura jirgi da shi yana bin gudunta ne ninki cikin ninki. Gudu ya ninka biyu, ƙarfi ya ninka huɗu. Ya ninka uku, ƙarfi ya ninka tara. Ankar da ta riƙe lafiya da la'asar tana iya saki cikin dare.

Gwaji a aji

Ku cika tire da yashi mai danshi, ku danna shi ya kwanta. Ku ɗaure dutse da zare, ku maƙala zaren a sikeli, ku ja a kwance, ku rubuta lambar da sikeli ya nuna lokacin da dutsen ya fara motsi. Sannan ku lanƙwasa waya ta zama ƙugiya, ku buga bakinta ya faɗaɗa, ku ɗan soka ta cikin yashi ku ja a kwance. Ku sunkuya ku duba da kyau: za ku ga ɗan tudu na tasowa a gaban ƙugiyar, yashi na tsagewa a gefensa, ƙugiyar na ɓacewa ciki, allurar sikeli na hawa. Wannan ɗan tudu shi ne ke riƙo. Yanzu ku ɗaga hannu sama a hankali kuna ja. Ku lura da inda tudun ya fashe, ƙugiya ta yi tsalle ta fito, allura ta faɗo. Ku kwatanta nauyin wayar da na dutsen, da lambar da kowanne ya bayar.

Mataki na huɗu: Nau'o'in anka

1. Anka mai sandar gicciye. Ita muka zana ɗazu. Hukumar sojan ruwan Ingila ta ɗauki siffarta a hukumance a 1852. Siririn haƙorinta na ratsa ciyawa, yana kuma maƙale dutse. Aibinta biyu ne: tana da wuyar ajiya saboda ta baje ta ko'ina, kuma haƙori ɗaya kullum a tsaye yake bisa ƙasa. Idan iska ta juya jirgi ya kewaya, igiya kan naɗe wannan haƙori ta tumɓuke ankar da kanta.

2. Anka marar sanda. An yi rajistar ƙirarta a Ingila a 1821. Haƙoranta biyu na lilo a gindi, su shiga ƙasa tare. Riƙonta gwargwadon nauyinta ba shi da yawa, amma inji na iya jan ƙotarta ta shige cikin kafar da ke goshin jirgi, ta zauna daram ba tare da an taɓa ta da hannu ba. Wannan sauƙi ya sa ta mamaye manyan jirage. A nan nauyi na da nasa rabo: babbar ankar jirgin Titanic ta haura tan 15, dawaki 20 ne suka ja ta daga maƙera a garin Netherton a 1911, ta jirgin dakon mai Seawise Giant kuwa tan 36 ce.

3. Anka mai garma. Geoffrey Taylor, masanin lissafi da kimiyyar motsin ruwa a Jami'ar Kambirij, ya ƙirƙiro ta a 1933, aka sa mata suna CQR. Bakinta guda ne, ƙirar garma, haɗe da ƙota ta mahaɗa mai juyawa. Duk gefen da ta faɗi, in an ja sai ta mirgino ta binne kanta, idan jirgi ya juya kuma takan bi shi ba tare da ta fito ba. Anka mai suna Delta garma ce marar mahaɗa.

4. Anka mai faffaɗan haƙora. Ba'amurke Richard Danforth ya fito da ita a shekarun 1940. A Yaƙin Duniya na Biyu jiragen sauke sojoji kan sake ta a baya kafin su hau gaɓa, daga baya su ja kansu da ita su koma ruwa. Haƙoranta biyu masu faɗi na riƙo ƙwarai cikin yashi da laka, ga ta sakayau, tana kwanciya shafal a jirgi. Amma tana zamewa bisa ciyawa da tsakuwa, kuma in ja ya sauya alkibla takan fito ta ƙi sake kamawa. Wasu na alminiyam ana iya sauya buɗewar haƙoransu: digiri 32 don yashi, 45 don laka mai laushi.

5. Anka mai farce. Peter Bruce ya ƙera ta a shekarun 1970 don dandamalin haƙar mai a Tekun Arewa, daga baya aka yi ƙanana. Ƙarfe guda ce mai yatsu uku. Tana kamawa da sauri a ƙasa iri-iri, sai dai riƙonta gwargwadon nauyinta bai kai na masu faffaɗan haƙora ba.

6. Sababbin ƙira. Bügel ta Jamus a 1986, Spade ta Bafaranshe Alain Poiraud a shekarun 1990, da Rocna ta Peter Smith na Niyuzilan a 2004. Bakinsu na da tsini ƙwarai. Spade da Rocna na da ciki mai lotsawa, wanda ke tara ƙasa maimakon watsa ta gefe. Bügel da Rocna na da baka ta ƙarfe a baya mai mirgino su daidai duk yadda suka faɗi, Spade kuwa dalma ce a tsininta ke yin wannan aiki.

7. Anka mai ƙugiyoyi. Ƙota ce mai ƙugiya huɗu ko biyar. Ta dace da ƙananan kwale-kwale a wurin duwatsu, amma cikin yashi ba ta da faɗin da za ta riƙe.

8. Anka mai laima. Kamar laima ce da aka kifar, cikinta na duban sama. Robert Stevenson ya yi amfani da ita don riƙe jirgin fitila a Bell Rock na Sikotland, lokacin da ake gina hasumiyar wurin tsakanin 1807 da 1810. Takan nutse cikin laka sannu a hankali har ta binnu, don haka ta zaman dindindin ce.

9. Ankar tsakiyar teku. Wannan ba ta taɓa ƙasa. Laima ce ta yadi mai ƙwari da ake saki cikin ruwa lokacin guguwa, ta cika da ruwa ta rage gudun jirgi, ta sa goshinsa ya fuskanci raƙuman ruwa.

Mataki na biyar: Ƙasa, haɗari da doka

Babu anka ɗaya da ta dace da ko'ina. Yashi mai tauri na riƙo ƙwarai. Laka mai laushi na son faffaɗan haƙori mai nutsewa da zurfi. Ciyawa na son tsini da nauyi. Dutse na son ƙugiya, ko da yake abin da ya maƙale da kyau yakan ƙi fitowa. Taswirar teku na nuna irin ƙasar kowane wuri, matuƙi kuma kan duba kafin ya saki.

Bayan an saki, ana ja da baya a hankali don haƙori ya shiga, sannan a saita abu biyu a gaɓa, ɗaya bayan ɗaya. In suka rabu, jirgi na tafiya. A ƙananan jirage matuƙi kan ɗora tafin hannu bisa sarƙa: ankar da ta kama shiru take, wadda ke jan ƙasa kuwa za a ji tana karkarwa da fizga. Dole kuma a bar fili, domin jirgi kan kewaya ankarsa duk inda iska ta juya. Dokar hana karo a teku ta 1972 ta wajabta wa jirgin da ke kan anka ya rataya baƙar ƙwallo da rana, ya kunna farar fitila da dare.

Ankar da ke jan ƙasa na yin ɓarna. A Oktoban 2023 bututun gas na Balticconnector tsakanin Finland da Estoniya ya fashe, masu bincike kuma suka tsamo ankar jirgi kusa da wurin. A Bahar Rum anka da sarƙa na tumɓuke ciyawar teku mai jinkirin tsiro, har Faransa ta hana manyan jiragen shaƙatawa sauke anka a kanta.

Mataki na shida: Yadda anka ta hau fata

Tun kafin zanen jiki, anka alama ce. Sarakunan Selusiya sun buga ta a kuɗinsu. Kiristocin farko sun sassaƙa ta a makabartun ƙarƙashin ƙasa na birnin Rum a matsayin alamar bege. Tana kan tutar jihar Rhode Island a Amurka, tana kuma cikin tambarin rundunar sojan ruwan Najeriya.

Jarfa ta ƙara bazuwa tsakanin matuƙan Turai bayan tafiyar Kyaftin James Cook, wanda ya isa tsibirin Tahiti a 1769, inda wasu mutanensa suka karɓi zane daga hannun mazauna wurin. A Amurka kuwa jarfa ta zama shaida. Daga 1796 aka fara ba matuƙa takardar kariya don kada sojan ruwan Ingila su kama su su tilasta musu aiki. Babu hoto a lokacin, sai a rubuta tsayin mutum, launinsa, tabonsa da zanen jikinsa. Masanin tarihi Ira Dye ya bi irin waɗannan takardu na 1796 zuwa 1818, ya tarar haruffan suna da anka na cikin zanen da suka fi yawa. Da allurai da aka ɗaure wuri ɗaya ake yi, a cusa tawada, kunkunniya ko garin albarushi.

Sannu a hankali zanen ya zama tarihin aikin mutum. Ma'anonin ba doka ba ce a rubuce, sun bambanta daga zamani zuwa zamani, amma waɗannan sun shahara:

Anka guda: ya ƙetare Tekun Atlantika, ko yana aiki a jirgin 'yan kasuwa.
Anka biyu a gicciye tsakanin babban yatsa da manuniya: mai kula da igiyoyi, sarƙa da anka a jirgi.
Tsattsewa: tafiyar mil 5,000 na teku, wato kilomita 9,260.
Kunkuru: ya tsallake layin da ya raba duniya biyu.
Jirgi mai cikakkun filafilai: ya kewaya Cape Horn a ƙarshen Kudancin Amurka.
Alade da zakara a ƙafafu: camfin kariya daga nutsewa.

A 1891 Samuel O'Reilly ya yi rajistar injin jarfa mai aiki da lantarki a Niyu Yok, aikin ya ƙara sauri. Norman Collins, wanda aka fi sani da Sailor Jerry, ya yi suna a Honolulu wajen zana wa sojojin ruwa da baƙin layi mai kauri da launuka kaɗan. Popeye na zanen barkwanci, wanda ya fito a 1929, da anka a dantsensa duniya ta san shi.

Yanzu ku dubi zanen da idon wanda ya yi mataki na huɗu. Kusan kullum anka mai sandar gicciye ake zanawa, wadda manyan jirage suka bari fiye da shekara ɗari. Sau da yawa kuma za ku ga igiya ta nannaɗe ta. Wannan siffa tsohuwa ce, tana cikin hatimin Lord Howard na Effingham, shugaban sojan ruwan Ingila a yaƙinsu da rundunar Sifen a 1588. A ido ado ce. A wurin aiki kuwa hoton matsala ce, domin ankar da igiyarta ta harɗe ba ta riƙe komai.

Mataki na bakwai: Me ya sa jarfa ba ta gogewa?

Fata hawa-hawa ce. Hawan sama na sabuntawa cikin kimanin mako huɗu, tsofaffin ƙwayoyinsa na zubewa. Lalle a nan yake tsayawa: sinadarinsa na kama mataccen saman fata, shi ya sa ƙunshi ke kodewa cikin mako biyu zuwa uku. Allurar jarfa kuwa tana wuce wannan hawa, ta ajiye tawada a hawa na biyu, zurfin milimita 1 zuwa 2, inda ba a zubar da fata.

Jiki na ɗaukar tawada a matsayin baƙon abu. Ƙwayoyin garkuwa da ake kira makrofaj kan taru su haɗiye ta, amma ba sa iya narkar da ita, sai su zauna a wurin da ita a cikinsu. Binciken da masana a Marseille ta Faransa suka wallafa a 2018 ya nuna cewa in waɗannan ƙwayoyi suka mutu suka saki tawadar, sababbi ne ke sake haɗiye ta a wuri guda. Ƙananan ɓarɓashi kan sulale zuwa kaluluwa, wasu su ɗan bazu gefe, hasken rana ma na rage launi. Wannan ya sa siririn zane ke dusashewa da shekaru, ya kuma sa masu zana wa matuƙa suka fi son layi mai kauri. Masu gogewa da hasken leza farfasa tawadar suke yi don jiki ya iya kwashe ta, aikin kuma na ɗaukar zama da yawa, ga tsada da zafi.

Tunda allura na taɓa jini, wadda ba a tsabtace ba na iya yaɗa ciwon hanta nau'in B da C da ƙwayar HIV, wasu launuka kuma na jawo ƙaiƙayi da kumburi. Ta fuskar addini, jumhurin malaman Musulunci sun haramta jarfa bisa hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, ba su sa lalle cikin wannan hukunci ba.

Taƙaitawa

Ruwa na rage wa kowane abu nauyi, don haka nauyi kaɗai ba ya isa. Anka na riƙo da ƙasar da haƙorinta ya tara. Doguwar igiya da sarƙa su ke sa ja ya zama a kwance. Kowace ƙira akwai ƙasar da ta fi dacewa da ita. Zanen anka ya fara ne a matsayin shaida da tarihin aikin matuƙi, tawadarsa kuma na daɗewa saboda tana hawan fata na biyu, cikin ƙwayoyin garkuwar jiki.

Tambayoyi

1. Kankare mai kilo 200 nawa zai rage a cikin ruwan teku?
2. Mene ne aikin sandar gicciye?
3. Zurfi mita 6, goshi mita 2, cikowa mita 1. Igiya mita nawa za a saki a biyar bisa ɗaya?
4. Gudun iska ya tashi daga kilomita 15 zuwa 60 a sa'a. Sau nawa ƙarfinta ya ninka?
5. Me ya sa manyan jirage suka zaɓi anka marar sanda?
6. Me ya bambanta wurin da lalle ke zama da wurin da tawadar jarfa ke zama?

Aikin gida

Ku maimaita gwajin ƙugiya a ƙasa iri uku: busasshen yashi, yashi mai danshi, da taɓo. Ku auna kowanne sau uku, ku rubuta sakamakon cikin jadawali, sannan ku faɗi wace anka daga cikin tara da muka karanta za ku zaɓa wa kowace ƙasa, tare da dalili.